Dare Uku a Barandar Delbert

Duk tsawon hunturu tana rataye a garejinmu,
ƙunshin siliki ruwan ƙasa, manne da reshe,
dusar ƙanƙara har gwiwa a waje.
Baba ya ce kar a kai ta ɗumi,
sanyin Wisconsin shi ne agogonta.

Ran tara ga Yuni da hantsi ta fito,
a jiƙe, a yamutse kamar tsumman goge tebur.
Kafin la'asar fukafukai sun miƙe,
sun rufe tafin hannuna har da saura,
ja da toka, da farin jinjirin wata a kowanne.
Faɗa-wuta ce, amma ba ta nemi fitila ba.
Ta lafe, ciki ya yi mata nauyi.

"Ba ta da baki," in ji Baba daga kujerarsa mai taya,
da rabin harshen da ciwo ya bar masa.
"Abin da ta ci tana tsutsa shi ne guzurinta.
Kwana bakwai, in ta yi sa'a goma.
Sa ta a keji mai manyan idon raga, Marlys,
ki rataye inda iska ke bi ta nufi kurmi."

Daren farko, ƙarfe uku da rabi,
ta turo ɗan tsiro daga ƙarshen cikinta,
ta saki ƙamshin da hancina bai ji ba.
Na zauna da bargo da kofi da ya huce.
Jemage ya wuce. Jirgin ƙasa ya wuce.
Gari ya waye ba baƙo.

Dare na biyu ruwa ya cinye shi.

A na uku haƙurinta ya ƙare,
ta fara zubar da ƙwai a jikin waya,
goma sha ɗaya, marasa uba.
Baba ya kau da kai daga taga.
Na miƙe ke nan zan naɗe bargo
sai na ji fat-fat a kan raga,
kamar ana kaɗe tsohon littafi.

Namiji ne, ƙahoninsa kamar gashin tsuntsu,
fiffike ɗaya a yage, wani baki ya ɗanɗana ya bari.
Wa ya san gonar masara nawa ya tsallako,
fitilun gidan mai nawa ya ƙi kulawa?
Ya laluba, ya laluba,
ya same ta ta tsakanin waya.
Suka haɗu, suka yi tsit.

"Kar ki taɓa. Ko tari kar ki yi."
Wuni guda suna manne, motar shara ta zo ta tafi.
Da magariba ya saki,
ya bi duhu bai waiwayo ba.

Ita kuwa na sa ta a jakar takarda ta cefane,
na naɗe baki, na kama da maƙalin shanya.
Dare huɗu muna jin ƙafafunta na karce-karce
tana liƙa su, uku nan, biyar can,
ƙanana kamar dawa da aka shafa wa jar ƙasa.
Baba ya ƙirga da tsinin fensir, ya ɓace, ya sake:
ɗari biyu da arba'in da shida.

Ran da ta mutu na ɗaga ta,
busasshen ganye ya fi ta nauyi.

Kwana goma sha biyu.
Sha ɗayan nan na waya sun loɓa, sun bushe.
Na cikin jaka suka huje da sassafe,
baƙaƙen tsutsotsi, gashin ido ya fi su tsawo.
"Yanko ganyen tuffa," ya ce,
"na bayan gida, wanda ba a yi wa feshi ba."
Ya miƙo hannunsa mai rai,
na ɗora masa reshe,
ɗaya ta hau babban yatsansa, ta tsaya tana dube-dube.